YAƘI DA ƘWARI A ƘASAR ZAZZAU: DAGA ANCHAU ZUWA LAMBUN BAYAN GIDA

Yau maganarmu a kan ƙwari ce, watau 'yan ƙananan halittun nan da ke ɓata mana tumatir da kuɓewa da alayyafo da wake, a lambu da bayan gida. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikacin lafiya da lambu, ai wannan aikin malamin gona ne. To, da ruwansa kuwa. Abin da aka fesa wa ganye da safe, shi ke shiga tukunyar miya da maraice. Ruwan da ya kwanta gindin ayaba, shi ke haifar sauron da ke kawo yaro ɗakin shan magani. Don haka lambu da lafiya ba su rabuwa.

Mu nan Kwangila, da maƙwabtanmu masu noman rani a bakin Kubanni da Galma, ba mu ne farkon waɗanda suka yi yaƙi da ƙwari ba. Iyaye da kakanni sun yi, wani wuri sun ci nasara, wani wuri kuwa sun sha kashi. In muka bi labarin daki daki za mu ga abu guda yana ta maimaituwa. Duk inda aka san halin ƙwaro aka rushe masa mazauni, an daɗe ana jin daɗi. Inda kuwa aka dogara ga guba kaɗai, daɗin bai jima ba.

ƘUDAN TSANDO DA CIWON BARCI

A cikin shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a Arewa, Lardin Zazzau kuwa yana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Mutum ya kan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a bayan wuya. Daga nan sai kasala da yawan gyangyaɗi da rana tsaka, har ya kasa riƙe fartanya. In ba a yi magani ba, ƙarshenta mutuwa. Ma'aikatan ciwon barci suka riƙa bin gari gari suna latsa wuyan mutane, wanda aka samu da cutar a yi masa allura. A gundumar Anchau, gabas da birnin Zariya, an sami ƙauyukan da kusan mutum 1 cikin 3 ke ɗauke da ita.

Mai kawo cutar sananne ne, shi ne ƙudan tsando, wanda kuma shi ke sa wa shanu sammore. Allura tana warkad da wanda ya kamu, amma da ya koma rafi ɗiban ruwa sai ƙudan ya sake cizonsa. Aka ga dai wannan ba ta ƙarewa, sai an fuskanci ƙudan kansa.

Akwai wani Bature masanin ƙwari, sunansa Dokta T. A. M. Nash, wanda ya yi shekaru a Gadau, ƙasar Katagum, yana duba zaman ƙudan nan. Ga abin da masana suka tabbatar game da shi. Ƙudan tsando ba ya zuba ƙwai barkatai kamar ƙudan gida. Macen tsutsa guda ɗaya tak ta ke haihuwa, wajen ko wane kwana 10, ta ajiye ta a ƙasa mai taushi cikin inuwa. Sa'an nan irin wanda ke cizon mutane a ƙasarmu ba ya jure zafin bazara da bushewar iska. Da rani ya tsananta sai ya tattaru cikin kurmin bakin rafi, inda akwai duhuwa da laima, daidai wurin da mata ke wanki, yara ke wanka. Ke nan in aka sare sarƙaƙiyar bakin rafi rana ta shiga, ranar da kanta za ta gama da shi.

A 1937, shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta, aka fara babban aikin Anchau. Aka ware wani yanki mai tsawon kamar mil 70, faɗinsa kamar mil 10, aka shiga sare kurmin ko wane rafi da ke cikinsa. Gatari da adda su ne makaman, don a lokacin maganin feshi bai zo ba tukuna. An kuma lura cewa 'yan tsirarun mutane ba su iya riƙe rafi da tsabta, sai an sami kamar mutum 70 a ko wane murabba'in mil. Sabo da haka aka taso mutum wajen 5,000 daga ƙananan unguwannin cikin daji, aka zaunad da su a sababbin ƙauyuka 16. Kusa da tsohon garin Anchau, wanda ya cushe ƙwarai, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka bar fili tsakanin gida da gida, aka dasa itatuwan marmari, aka ƙarfafa wa mutane yin lambu.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Aikin sara na tilas ne, rabuwa da kufan iyaye kuwa ba wanda ke sonta, waɗansu kurmin ma mutane suna jin tsoron taɓa su. Aikin ya ci wajen shekara 10, rahotonsa ya fito a 1948. Amma ƙudan ya bar yankin, ciwon barci ya ja baya ƙwarai da gaske. Sharaɗi ɗaya ne ya rage, watau ko wace shekara jama'a su fito su sake sare tohon da ya yi. Inda aka yi sakaci da wannan, duhuwa ta kan dawo, ƙuda kuwa ya biyo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ZUWAN MAGANIN FESHI

Ana cikin aikin Anchau sai wani labari ya ɓullo a Turai. A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa wani sinadari da a ke kira DDT yana kashe ƙwari, kuma in aka fesa shi a bango ƙarfinsa ya kan yi watanni. A 1948 aka ba shi lambar girma ta Nobel. Mutane da yawa suka ɗauka cewa kwanan sauro da ƙuda da kuɗin cizo ya ƙare.

A 1954 aka fara gwada feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, don a ga ko za a iya kau da zazzaɓin cizon sauro. Wani yanki aka fesa DDT, wani yanki kuma wani magani mai suna dildirin. Da farko sauro ya ragu sosai. Amma a 1955, shekara biyu ba ta cika ba, sai aka tarar a Ambursa sauro yana sauka a bangon da aka fesa wa dildirin, ya tashi lafiya lau. Nan ne aka fara ganin haka ga babban sauron zazzaɓi na Afirka.

Yaya aka yi haka? Ku saurara da kyau, don wannan shi ne gindin maganar. Cikin sauro dubu ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta sa guban ba ya kama su. Feshi ya kashe sauran, ya bar waɗannan. Su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Da ya ke sauro cikin 'yan makonni ya kan zama kaka, kafin shekara ta kewayo sai a tarar duk garin jikokin masu taurin ne. Watau mai feshi da hannunsa ya ke tace ƙwari, ya zubad da masu rauni, ya ajiye masu ƙarfi su zama iri.

An sake wani babban gwaji a gundumar Garki, wadda a lokacin ta ke Jihar Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi shi tare, daga 1969 zuwa 1976. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa ɗakuna da wani sabon magani, waɗansu ƙauyuka kuma aka haɗa da raba ƙwayoyi. Zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba, don sauro da yawa ba ya kwana a bangon ɗaki, waje ya ke fita in ya sha jini. Da aka daina aikin, cutar ta koma yadda ta ke. Wannan ba ya nufin feshi banza ne. Feshin ɗaki da gidan sauro mai magani sun ceci rayuka masu yawa. Abin da Ambursa da Garki suka nuna shi ne guba ita kaɗai ba ta gama yaƙi.

DARƁA DA SHARON

Mu koma gona. Dattawa suna tune da dalar gyaɗa a Kano. Cikin abubuwan da suka rushe ta har da wani ƙwaro da bai kai ƙwayar gero ba, watau darɓa, wadda ke taruwa a bayan ganye tana tsotson ruwansa. Ita ce ke ɗaukar kuturtar gyaɗa daga wannan tushe zuwa wancan. A 1975, bayan shekarun fari, kuturta ta cinye gyaɗa wajen hekta 700,000 a Arewa. Manoma da yawa daga nan suka bar noman gyaɗa.

Abin lura shi ne, tun kafin wannan masifa an san dabarar rage ta, kuma nan kusa da mu aka yi binciken. Gonar gwaji ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta koma cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masananta sun nuna cewa gyaɗar da aka shuka da ruwan farko, aka kuma matse shukar har ganye ya rufe ƙasa da wuri, ba ta cika yin kuturta ba, don darɓa ta fi sauka inda ta hango ƙasa tsirara tsakanin shuka. Daga baya suka fitad da irin gyaɗa masu jure cutar, cikin waɗanda a ke kira SAMNUT.

Na baya bayan nan kuwa, masu lambu ba su manta da sharon ba. Wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, asalinta Amurka ta Kudu. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, ta bi ƙasa ƙasa har ta iso mu. A watan Mayu na 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta ce kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir sun lalace. Masu lambu suka yi ta feshi, wani ko wane kwana biyu, amma a banza. Dalili kuwa tsutsar cikin naman ganye ta ke shiga ta zauna, ko cikin ɗan tumatir, inda feshi ba ya kai mata sosai. Ga shi kuma tun kafin ta iso nan ta riga ta yi tauri ga magunguna da yawa. Feshin sai ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ta, ita kuwa ta sami sarari.

GUBA A CIKIN AKUSHI

Ɓarnar ba ta tsaya ga shuka ba. DDT da dildirin da lindan, wanda manoma suka sani da sunan Gammalin 20, ba su ruɓewa da wuri. Su kan daɗe a ƙasa da ruwa, su taru a kitsen jiki, har a nonon uwa an same su. Don haka ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Istokholm a 2001, suka hana dildirin, suka taƙaita DDT ga yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta kaɗai. A 2009 aka ƙara lindan cikin jerin.

A 2008 'yan makarantar 'yammata fiye da 100 a Doma, Jihar Gombe, suka kwanta asibiti bayan sun ci waken da aka adana da irin wannan guba. A shekarar nan hukumar NAFDAC ta hana magungunan gona guda 30. A 2019 kuma ta hana sayad da ƙananan kwalaben daikulobos a kasuwa da kantunan abinci. Shi ne guban da ke cikin fiya-fiya.

Ga wake kuwa an sami mafita wadda ba guba a ciki. Ƙwaron wake numfashi ya ke yi kamar kowa, in aka toshe masa iska sai ya mutu. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka tare da na ƙasashenmu suka fitad da buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, aka fara yaɗa shi a 2007 da sunan PICS. Tsofaffinmu da ke cuɗa wake da toka ko yashi, su liƙe bakin tulu da laka, ashe kan hanya su ke.

ABIN DA MAI LAMBU ZAI YI

To, jama'a, ga abin da tarihin nan ya ke koya wa mai lambu, da uwargida mai 'yan kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki.

1. Ka san abokin gabarka. Ka zaga shukarka sau 2 a mako da sassafe, ka juya bayan ganye. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Tsutsa 10 da ka tsince da hannu yau sun fi dubu da za ka bi da feshi wata mai zuwa. Ganyen da sharon ta shiga, a tsinke shi a ƙone ko a binne da zurfi.

2. Ka rushe masa mazauni, kamar yadda aka yi a Anchau. In an gama ɗiban tumatir, a tuge karan a ƙone, kada a bar shi tsaye. Ruɓaɓɓen da ya faɗi a kwashe. Kada a maimaita tumatir ko gauta ko barkono a fage ɗaya kaka da kaka, don dangi ne, ƙwarinsu ɗaya. A sa albasa ko masara ko wake a tsakani.

3. Kada ruwa ya kwana 7 a buɗe. Sauro daga ƙwai zuwa tashi ba ya wuce kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi. Randa da duro a rufe su. Gwangwani da tsohuwar taya da fasasshiyar tukunya a kife ko a binne. Ramin da ruwan ban-ruwa ke kwanciya a cike shi.

4. Ka bar masu taimakonka da rai. Ƙadangare da kwaɗo da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi duk ƙwari su ke ci. Zanzaro da ka ga yana ɗauke da tsutsa zuwa ɗakinsa na laka, aiki ya ke yi maka ba lada. Ƙudan zuma kuwa shi ke sa kabewa da kankana su yi 'ya'ya.

5. Ka yi amfani da dogon yaro. Itacen nan asalinsa ƙasar Indiya, an fara dasa shi a Barno a 1928, yau ga shi ko ina. A ɓare busassun 'ya'yansa, a daka ƙwayar, a jiƙa rabin kilo cikin ruwa lita 10 ya kwana. Da safe a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da maraice, har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma ya ke yi, don haka sai an yi haƙuri. A ajiye shi nesa da yara, man dogon yaro yana cutad da jarirai in sun sha.

6. In abin ya fi ƙarfin waɗannan, ka nemi malamin gona ya faɗa maka maganin da ya dace. Kada ka sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba takarda. Ka bi awon da aka rubuta, ƙari ba ya ƙara amfani. Ka rufe hanci da baki, ka sa riga mai dogon hannu da takalmi, ka juya wa iska baya. Mace mai ciki da yaro kada su yi feshi. Kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ɗebi amfani, a cika su daidai. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Alamun wanda guba irin ta fiya-fiya ta kama su ne dalalar miyau, da yawan gumi, da amai, da zawo, da ƙanƙancewar baƙin ido, da wuyar numfashi. A fitad da shi sarari, a tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba su karya guba, suna ma iya sarƙe shi. A kwantad da shi ta gefe, a kai shi asibiti maza maza, a riƙo kwalbar don likita ya san abin da zai yi wa magani.

Jama'a, mutanen Anchau da gatari da adda suka kori ƙudan da ya kusa tashin garinsu, don an san inda ya ke kwana. Kowannenmu yana iya yin kamar haka a ɗan fagensa. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa, don ƙwaro ba ya tsayawa a kan iyakar gona. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wani mako.